Muhsin Kimawi da Sulhun Gidan Hafsa

Idan ka shiga unguwar Mansur a Makka ka tambayi shagon Muhsin ɗan Rabe, sai a yi ta kallonka kamar ka ambaci baƙo. Amma ka ce Kimawi, ko mai tallan ruwan sanyi zai nuna maka da baki. Sunan na Larabci ne, ma'anarsa mai haɗa sinadarai. Tun yana saurayi aka liƙa masa shi don tsokana, ya bi shi har furfura. Shagon ba wani abin a zo a gani ba ne: ƙofa ɗaya, jarkoki jere har rufi, durom na dama sabulun ruwa, sai wani dogon benci a waje wanda ya fi shagon ciniki. A ciki ake sayen sabulu da bilic da ruwan wanke banɗaki. A kan bencin kuwa ake kawo ƙarar maƙwabci, ko suruki, ko ɗan'uwan da aka daina gaisawa da shi.

Siririn mutum ne mara hayaniya, da tabon ƙuna daga wuyan hannun dama zuwa gwiwar hannu. Hausawan Makka sun san shi da abu biyu, sanin abin da ke cikin kwalba da iya sasanta mutane, har daga Jidda da Madina ana kiransa a waya. Sulhu ɗaya ne ya gagare shi shekara da shekaru, kuma na cikin gidansu ne. Yayarsa Ramlatu tana neman gafara a gidan ƙawarta Hafsa, shi ya ɗauki alkawarin samo mata, ya kuma kasa.

Kakansa ya baro ƙasar Kano da ƙafa da niyyar hajji. Ya tsaya a Chadi ya yi dako, ya tsaya a Sudan ya ciri auduga har ya yi aure ya haifi Rabe, kafin ya tsallako teku. Da ya sauke farali ya waiwayi hanyar da ya biyo, sai ya ga babu dalilin sake bin ta. Rabe ya tashi a Makka, a unguwar da ke kan dutsen Nakkasa, yana gasa tsire, abincin da Larabawan garin suka karɓe har da sunansa, suna ce masa siriya. Uwar Muhsin ta rasu yana rarrafe, don haka Ramlatu ce ta goya shi. Ita ta yaye shi da kunu, ita ta yi masa dukan da ya kamata da wanda bai kamata ba.

A makaranta bai yi fice a komai ba, sai ranar da wani malami Bamisire ya ɗiga wani farin ruwa cikin wani farin ruwan, abin ya koma ja. Sauran yara suka yi ihu suka manta. Muhsin ya kasa cin abinci ranar. Daga nan ya maƙale wa malamin, yana wanke masa kwalabe yana damunsa da tambaya, a gida kuma ya ƙarar wa Ramlatu da gishiri da kanwa da lemon tsami wajen gwaje-gwaje. Da ya gama sakandare ya nemi gaba, aka tambaye shi takardun da kakansa bai ɗauko daga Kano ba, ubansa kuma bai samu a Sudan ba. Karatu ya tsaya nan. Bai tsaya kuka a kai ba, don a Nakkasa wannan labarin kowane gida ne.

Ya sami aiki a wani ƙaramin kamfanin sabulu a hanyar Jidda, da farko ɗaukar buhu, daga baya dama haɗi. A can ya samo tabon nan. Wata rana yana sauri ya tuttula ruwa a kan asid, maimakon ya riƙa ɗiga asid ɗin cikin ruwa a hankali yadda aka koya masa. Abin ya tafasa ya yi tsalle ya kama masa hannu. Tun daga ranar Muhsin ya saki sauri saki uku. Matarsa Basma takan ce ko shayi zai haɗa sai ka yi hamma ka gaji.

Da ya buɗe nasa shagon a Mansur bai ajiye bencin don shari'a ba, ya ajiye shi ne don tsofaffin da ke jiran a cika musu jarka. Amma mai jira ba ya rasa abin faɗa, shi kuma Muhsin ba ya katse mutum. Rigimar farko da ya kashe ta wasu masu tsire ce, Munzali da Talal, da suka yi shekara suna zagin juna a kan inda hayaƙi ke kaɗawa. A nan aka fara ganin salonsa. Ba ya haɗa masu faɗa a ɗaki ɗaya. Sai ya je wurin wannan ya sha shayi, ya bar shi ya zage tas, sannan ya ɗauki maganar ya wanke ta a hanya, ya kai wa ɗayan abin da ya rage. Idan Munzali ya ce, "Gaya wa wancan ɗan iskan hayaƙinsa zai kashe ni," abin da zai isa kunnen Talal shi ne, "Munzali na fama da ƙirji kwanan nan." Ba ƙarya ya yi ba, ya dai rage gishiri. Haka zai yi ta kai da komowa wata da watanni, har ranar da mutanen biyu za su haɗu a masallaci su rasa dalilin ƙin gaisawa.

Abin da ya tsana shi ne sulhun taro. Al'adar mutanenmu ce a kwaso liman da dattawa a cika wa mutum ɗaki, a ce ya dubi girman Allah da furfurar da ta tako zuwa gidansa. Wa zai ce a'a? Kara ba za ta bar shi ba. Sai ya ce ya yafe, a shafa fatiha a watse, ya koma ya ci gaba da ƙullatarsa, yanzu har da haushin dattawan. Muhsin ya sha faɗa cewa wannan rufe miki ne da tsumma. Dattawa ba su so maganar ba, amma da tasu rigimar ta taso wurinsa suke zuwa.

Ita Ramlatu ba ta gaji haƙurinsa ba. Mace ce mai jiki da murya, kuma duk shekara idan aikin hajji ya matso, lokacin da mutanen garin ke kira mosim, ita ce shugabar wasu mata masu shara da wanke banɗakuna a Arfa. Hafsa ƙawarta ce tun suna ɗaukar ruwa a ka zuwa saman dutse. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, tukunyar ɗaya ba ta sauka ba tare da ɗaya ta ɗanɗana ba. Da 'yar Hafsa, Rabi'a, ta zama budurwa, Ramlatu ce ta ce a ba ta ita ta shiga ayarinta, ta sami abin haɗa kayan ɗaki. Rabi'a yarinya ce mai sanyin hali, tana koya wa yaran unguwa karatun Alƙur'ani da yamma, kuma tana da muryar da kan sa mai wucewa ya rage tafiya.

Ramlatu tana da wani haɗi da take alfahari da shi. Sai ta zuba bilic da ruwan wanke banɗaki mai asid a bokiti ɗaya. Hayaƙin da ke tashi ya sa ido hawaye, a wurinta shi ne shaidar haɗin ya yi ƙarfi. Matan ayarinta duk sun yarda da haka, don wanda ya taɓa ganin banɗakin da dubban mutane suka bi a wuni ɗaya ba ya yarda da sabulu mai ƙamshi. Shekaru tana yi a fili inda iska ke kaɗawa, ta kau da kai, ta yi tari ta wuce.

Labarin haɗin ya iso wa Muhsin. Ranar da Ramlatu ta zo shago da matanta ɗaukar kayan mosim, Rabi'a na cikinsu, ya yi mata magana.

"Yaya, an ce kina haɗa waɗannan biyun a bokiti ɗaya. Kar ki ƙara. Hayaƙin nan guba ne."

"Ji min yaro!" in ji Ramlatu. "Ni da na yi maka tsarki, yau kai za ka koya mini wanki? Halas, ya isa haka, miƙo mana mu tafi, mota na jira."

Matan suka kwashe da dariya. Muhsin ma ya yi dariya, don bai taɓa iya musu da Ramlatu ba, balle a gaban mutane. Ya ce a ransa zai same ta a gida su yi maganar a tsanake, yadda ya saba. Ya ɗauko jarkokin biyu ya miƙa wa Rabi'a. Hidimar mosim ta sha kansa, bai je gidan ba.

Ana saura kwana kaɗan alhazai su hau Arfa aka ba ayarin Ramlatu wani jerin banɗakuna da suka shekara a rufe, ba taga, sai ƙofar ƙarfe. Ramlatu ta ga dattin, ta ƙara hannu a haɗin, ta miƙa wa Rabi'a bokitin ta ce ta fara da na ƙarshe. Rana ta take, ƙofar ta rufo da kanta. Sai da wata ta ji ana bugun ƙarfe da rauni aka je aka same ta a ƙasa, idanu jajur, bakinta na kumfa. A asibiti an ceci ranta, amma huhun bai koma daidai ba. Ta fito da wani tari da ba ya barinta da abin shaƙa irin na masu asma. Aya mai ɗan tsawo ta daina iya kai ta ƙarshe da numfashi ɗaya, don haka karatun yara ya tsaya. Dangin saurayin da ke nemanta ba su ce sun fasa ba, sun dai daina zuwa.

Hafsa ba ta yi ihu ba, ba ta kai ƙara ko'ina ba. Likita ya ce Rabi'a ta daina hawan dutse, sai ta kwashe kayanta ta koma wani gida a gindin Nakkasa, ta kuma cire Ramlatu daga bakinta. Ramlatu ta sauka ta buga ƙofa har hannunta ya gaji, ba a buɗe ba. Ta aika da abinci, aka dawo da kwanon a rufe yadda ya tafi. Ta bar aikin Arfa, muryar nan tata ta ragu, ta zauna a saman dutse tana tsufa da wuri. Ta ce wa ƙanenta, "Kai ne mai sulhu. Ka samo mini yafiyar Hafsa." Ya ce in Allah ya so.

Daga shekarar Muhsin ya ɗora wa kansa wani aiki. Duk gabanin mosim sai ya ɗauki kwalabe biyu marasa komai ya bi gidajen da matan shara ke taruwa, da Hausa da Larabci yana nuna musu abin da ba a haɗawa. A shago kuma ya daina sayar wa mutum ɗaya kayan biyu a rana ɗaya, ko da za a yi fushi. Wannan ya ƙara masa suna. Aka riƙa cewa Allah ya saka wa Kimawi, ya tsare 'ya'yan mutane. Babu wanda ya haɗa shi da abin da ya faru a Arfa. Shi kansa idan ranar shagon ta faɗo masa, sai ya ce ai ya faɗa mata, ita ce ba ta ji ba.

Gidan Hafsa kuwa ya mayar da shi wurin zuwa. Ba ta taɓa hana shi shiga ba. Takan shimfiɗa masa darduma, ta kawo shayi da dabino, su yi hirar tsadar haya da wanda ya rasu da wanda aka kama ba iƙama, wato takardar izinin zama. Da zarar ya karkato da zance wajen saman dutse, sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ya gwada duk dabararsa. Ya kawo mata kukan Ramlatu a wanke, ya kawo shi da ɗan dattinsa, ya yi shekara guda bai ambaci sunan ba ko za ta tambaya da kanta. Ba ta tambaya ba. A duk zaman nan akwai labule a ƙofar ɗakin ciki, bayansa kuma ana tari. Muhsin yakan ce, "Ya mai jiki?" Hafsa ta ce, "Da sauƙi." Bai taɓa cewa a kira ta ba. A saninsa da sanin kowa, irin wannan magana da iyaye ake yinta, inda uwa ta sa ƙafa nan 'ya ke sawa.

Yana wannan tafiyar hawainiyar ne katafila ta iso Nakkasa. Aka fara shafa jan fenti a bangon gidajen da za a rushe, layi bayan layi, mutanen da suka yi zamani uku a wuri ɗaya suka watse, wasu bayan gari, wasu Jidda. Fentin ya kai gidan Hafsa. Ɗanta Ameer, wanda ya gaji da ɓuya duk lokacin da ya hango motar 'yan sanda, ya ce shi ya gama, Kano za su koma wurin dangin ubansu. "Koma" suke cewa, alhali babu ɗayansu da ya taɓa ganin garin. Kuma kowa ya san wanda ya fita ta wannan ƙofar ba takardu, ba ya dawowa nan kusa.

A cikin watan ne ɓarin jikin Ramlatu ya shanye. Tana kwance a ɗakinta na saman dutse, rabin maƙwabtanta sun zama tarin bulo, bakinta ya karkace amma ana gane maganarta. Ta sa aka kira Muhsin.

"Ka sasanta duk Makka," in ji ta. "Ni ce ba ka iya ba?"

"Yaya, ana kan hanya. Zuciyarta ta fara sanyi."

"Wace hanya? Jibi-jibin nan za su tafi, ni kuma ka ga inda nake. Ka kai mata liman."

"Wannan ba yafiya ba ce, Yaya. Kara ce kawai za ta yi musu."

"Ko ta baki ce ina so. Ka bar Allah da zuciyarta."

Ya kalli hannunta da ba ya motsi. Tausayinta ya kama shi, tsoro kuma ya kama shi, kar ta mutu da wannan a wuyanta shi yana tsaye da sunan mai sulhu. Abin da ya yi shekaru yana hana mutane, shi ya tashi ya yi. Ya je wurin Malam Awwal limamin unguwa, ya bi dattawan da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Duk suka amsa, sai dai wani tsoho ya yi murmushi ya ce ashe Kimawi ma yana sauri.

Bayan la'asar suka cika falon Hafsa, tsakanin akwatuna da katifun da aka naɗe. Malam Awwal ya yi wa'azi mai kyau a kan haƙuri da ƙaddara da zaman tare, ya tuna mata mai tafiya ba ya barin gaba a bayansa, ya tuna mata Ramlatu na kwance. Hafsa na zaune a gefe, ta ja mayafi har goshi, tana kallon tabarma. Da aka gama ta ce, "Tunda kun tako, na yafe." Muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Aka ce alhamdulillahi, aka shafa fatiha, dattawa suka nemi takalmansu suna yaba wa juna. Muhsin ya san abin da ya samo, kuma bai ji daɗinsa ba. Amma ya ce ko ba komai yana da abin kai wa saman dutse.

Shi ne na ƙarshen fita. Yana sa takalmi ya ji an ɗaga labule a bayansa.

"Kawu."

Ya juya. Rabi'a ce tsaye, sanye da abaya, abin shaƙarta a hannu. Rabon da ya ga fuskarta tun tana budurwa. Yanzu mace ce babba, ta rame, kafaɗunta na ɗagawa da kowane numfashi.

"Na ji an yafe," in ji ta. "Wa aka cuta ne, Kawu? Ni dai ban ji an tambaye ni ba."

Hafsa ta ce, "Rabi'a, shiga ciki."

"Ummi, ki bar ni. Shekarun nan ina jin muryarsa ta bayan labulen nan, yana lallashinki. Ke ba ki shaƙi komai ba." Ta tsaya ta ja numfashi. "Kawu, kai ni wurin Hala Ramlatu."

Hala, wato inna da Larabci, haka take kiranta tun tana yarinya. Muhsin ya ce mota ba ta hawa can, ya ce bari ya nemo samari su ɗauke ta a kujera. Ta ce da ƙafarta ta sauko, da ƙafarta za ta hau. Hafsa ta koma ta zauna a kan akwati.

Suka kama hanya. Matakalar Nakkasa ko mai lafiya tana sa shi haki, ga shi yanzu rabinta ɓaraguzai ne da ƙarafan rodi. Rabi'a takan yi 'yan taku ta dafa bango, ta shaƙi maganinta, ta jira ƙirjin ya lafa, ta ci gaba. Ya miƙa mata hannu, ta yi kamar ba ta gani ba. Mutumin da duk Mansur ke yi wa tsiyar nawa, ranar shi ne ke tsayawa yana jiran wani. Bai taɓa jin numfashinta kurkusa ba sai ranar, wani siririn fito ne ke fita daga ƙirjin kamar butar da ta tafasa. A wani wuri ta tsaya ta daɗe tana kallon wani fili da aka share. Gidansu ne na da.

Da suka shiga ɗakin, Ramlatu ta zaci Hafsa ce. Da ta gane wadda ke tsaye sai ta fara kuka, tana ƙoƙarin tashi jikin ya ƙi. Rabi'a ta zauna a bakin katifa, ba ta iya magana ba sai da ta huta. Sannan ta kama hannun da ke motsi.

"Hala, ki daina kuka. Na yafe miki duniya da lahira. Ba yau ba, tun ina asibiti. Ba wanda ya zo ya karɓa ne."

"Ni na ba ki bokitin," in ji Ramlatu. "Da hannuna."

"Da hannunki kike haɗawa, da hancinki kike shaƙa, shekara nawa. Da kin san yana kisa ba za ki ba ni ba. Ke kin ɗauka tsafta ce."

Ramlatu ta jawo kan Rabi'a ta sumbata, tana sa mata albarka da karkataccen bakinta, tana kiran sunan Hafsa da na matan ayarinsu da suka rasu. Suka daɗe a haka. Har Ramlatu ta tambaya ko Hafsa na sa tafarnuwa da yawa a miya har yanzu, Rabi'a ta ce har ta ƙara. Muhsin na tsaye a bakin ƙofa, ya ji wani nauyi ya sauka daga kansa. Abin da ya yi shekaru yana nema ya samu, ko da yake ba shi ya samo ba.

A waje rana ta yi sanyi. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Rabi'a. Kin sauke mana kaya."

Ta jingina da bango tana kallon gari a ƙasa.

"Kawu, ranar da muka zo ɗaukar jarkoki ina tsaye a gabanka. Na ji ka ce mata guba ne. Ta yi dariya, kai ma ka yi dariya, sai na ɗauka wasa ne tsakanin yaya da ƙane. Ka ɗauko su biyun ka sa mini a hannu." Ta ja numfashi. "Ita ba ta sani ba. Duk cikinmu kai kaɗai ka sani."

Bai ce ai ya faɗa ba. Maganar ta zo bakinsa, ya ji ba ta da nauyin da take da shi a da. Ya nemi yadda zai wanke wannan zancen ya rage masa kaifi, babu wanda zai kai wa sai kansa. Dattijo da furfurarsa, ya durƙusa a kan ɓaraguzai gaban 'yar da aka haifa a gabansa.

"Rabi'a, ki yafe mini."

"Tashi, Kawu, mutane na gani."

"Ki yafe mini don Allah."

"Ban ce ba zan yafe ba. Amma yau ka fara tambaya. Ita ta yi shekaru tana tambaya." Ta gyara mayafinta. "Ba zan faɗa maka don kara ba. Kai ne ka ce ba kyau."

Ta juya ta fara sauka, yana bin ta a baya har gindin dutse.

Ramlatu ta rasu bayan 'yan kwanaki, cikin natsuwa, aka yi mata salla a Harami. Hafsa ta zo gaisuwa, ta zauna cikin mata ta yi kukan da ya ba kowa mamaki. Ko yafiyar tata ta sauka daga baki zuwa zuciya, wannan ita da Allah suka sani.

Ranar tafiyarsu Muhsin ya rufe shago da hantsi ya je rakiya. Unguwa ta taru a bakin mota, ana ɗaure akwatuna ana koke-koke, masu tafiya na bin mutane ɗaya bayan ɗaya da kalmar da aka saba, a yafi juna. Ameer ya rungume shi ya ce, "Kawu, mu yafi juna." Hafsa ta ce, "Kimawi, mu yafi juna, ka sha shayina da yawa." Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Rabi'a ta bi layin mata tana faɗa wa kowace, har da waɗanda suka yi dariya a shago ranar. Ya gyara tsayuwa yana jira. Da ta iso gabansa ta ɗan rusuna yadda ake yi wa manya.

"Sai wata rana, Kawu," in ji ta, ta shiga mota.